Shin Ko Kun San? Minti Ɗaya Kafin A Kashe Mota Mai Turbo

Shin ko kun san cewa tsakiyar turbo ta fi ɗaukar zafi bayan an kashe mota, fiye da lokacin da ake sheƙa gudu da ita? Direba ya tsaya, ya murɗa makulli, ya sauka ya kama gabansa, yana ganin injin ya samu hutu. A 'yan mintunan nan kuwa zafi ke gangarawa inda bai kamata ya je ba, kuma babu abin da ya rage da zai tare shi.

Shin ko kun san yadda turbon kansa yake? Fanka biyu ne a kan sandar ƙarfe guda, kowace a cikin gidanta. Hayaƙin da injin ya fitar, maimakon ya wuce salansa kai tsaye, sai a bi da shi ta kan fanka ta farko ya juya ta. Ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke ɗaya bakin sandar, wadda ke zuƙo iska daga waje tana danna ta cikin injin da ƙarfin tsiya. Iska ta yi yawa, a ƙara mata mai, ƙarfi ya ƙaru. Da wannan dabara ce Honda Accord ta 2018 mai injin lita 1.5 take ba da ƙarfin doki 192, alhali ta 2017 mai lita 2.4 ba ta wuce 189 ba.

Shin ko kun san irin gudun da sandar nan ke yi? Injin mota a kan babbar hanya yana juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Turbon ƙaramar mota kuwa yakan kai sau 150,000 zuwa 250,000. A ɗauki 200,000 kawai a raba: ya haura juyi 3,300 a daƙiƙa guda. Babu wani abu a cikin motar da ya kama ƙafarsa.

Zafin kuma fa? Hayaƙin injin fetur, idan ana taka totur sosai, yana isa turbo da zafin digiri 900 zuwa 1,000 a ma'aunin Salshiyos. Na dizal ya ɗan fi sauƙi, wajen 700 zuwa 800. Alminiyon da maƙera ke narkawa su zuba tukwane, a digiri 660 yake zama ruwa. Shi ya sa fankar da ke ɓangaren hayaƙi ba a yin ta da alminiyon, ana yin ta ne da wani haɗin ƙarfe mai nikel da yawa, wanda ake kira Inconel, dangin wanda ake sa wa injin jirgin sama. Wanda ya taɓa buɗe bonet da dare bayan doguwar hawa da kaya zai iya ganin gidan turbon ya yi ja wur.

Shin ko kun san cewa duk da wannan gudu, sandar ba ta taɓa ƙarfen da ke kewaye da ita? A yawancin motoci kan wani siririn baƙin mai take shawagi, wanda famfo ke turowa ba tsayawa. Kuma wannan baƙin mai shi ne dai wanda kuka zuba wa injin ranar juye, turbo ba shi da nasa daban. Aiki biyu man yake yi a wurin: yana hana gogayya, yana kuma kwashe zafi ya gangara da shi ƙasan injin, sabo mai sanyi-sanyi ya maye gurbinsa. Matsalar ita ce, shi famfon man, injin ne ke juya shi. Da zarar injin ya mutu, famfo ya tsaya, mai ya daina zagayawa nan take.

To ga abin da ke faruwa daga nan, kuma shi ne zuciyar maganar. Gidan hayaƙin turbo ƙarfe ne mai kauri, ya tara zafi ya ƙoshi, ba zai huce don an murɗa makulli ba. Zafin sai ya bi sandar ya ratsa zuwa tsakiya, inda ɗan man da ya rage yake kwance. Duk wadda ta taɓa barin tukunya a kan garwashi ta daina tuƙawa ta san sakamakon: ƙanzo. Haka man nan yake dahuwa a inda yake, ya yi kauri, ya yi baƙi, ya bushe ya manne. Baƙin mai a digiri 90 zuwa 110 yake aikinsa cikin kwanciyar hankali. Tsakiyar turbon da aka kashe da zafinsa tana iya ninka wannan har ta wuce.

Shin ko kun san cewa ba rana ɗaya ɓarnar ke bayyana ba? Wannan ne ya sa mutane da yawa ba su yarda da zancen. Ka kashe yau da zafi, gobe mota ta tashi lafiya lau, ka ce ai surutun makanikai ne. Amma kowane karo ɗan gawayi yana ƙaruwa a kan na jiya. Ku je gareji ku tsaya kan makaniken da ya kwance mataccen turbo ku gani. Zai ciro sandar, ƙarshenta na ɓangaren hayaƙi ya yi shuɗi-shuɗi saboda wuta. Zai kama fankar da yatsu biyu ya girgiza, ku ji tana ƙwas-ƙwas, tana lilo sama da ƙasa, alhali lafiyayya da ƙyar ake jin motsinta. Gefen fukafukanta ya goge inda ta riƙa kartar gidanta. Sannan ya ɗauko siririn bututun da ke kai mai, wanda kaurinsa bai fi na alƙalami ba, ya hura, iska ta ƙi wucewa. Ya zura waya ya kankaro baƙin gari mai tauri. Turbon ya jima yana aiki da ƙishirwa, mai motar bai sani ba. Idan kuma aka ɗaura sabo aka bar wannan tsohon bututu, sabon ma hanyar da na farko ya bi zai bi.

Shin ko kun san cewa su kansu masu ƙera motocin sun ƙayyade lokacin jira? Littafin jagora na Toyota na tsofaffin motocinta masu turbon dizal, irin su Hilux da Land Cruiser, ya rarraba abin daki-daki. Wanda ya yi zirga-zirgar cikin gari ba ya buƙatar jiran komai. Wanda ya daɗe yana tafiya a kilomita 80 cikin awa ya bar ta a silo kamar daƙiƙa 20. A kilomita 100, minti ɗaya. Wanda ya hau tudu mai tsayi, ko ya jima yana zuba gudu daga 100 zuwa sama, minti biyu. Iyakar abin ke nan, kuma a ganina babu direban da ya fi ƙarfin wannan.

Manyan injuna kuwa sun fi buƙatar haƙuri. Kamfanin Cummins ya umarci a bar injinsa a silo minti 3 zuwa 5 idan ya gama aiki da cikakken nauyi. Shin kun taɓa lura da babban janareton asibiti ko na banki, yadda wuta ke dawowa amma shi ya ci gaba da ruri na 'yan mintuna kafin ya mutu? Mutane kan zaci ya samu matsala ne ko mai gadi ya yi barci. Da gangan aka tsara shi haka: an sauke masa nauyi, an bar shi yana juyawa fayau don turbonsa ya huce. Wanda ya ruga ya danna jan maɓallin gaggawa don ya tsimi gas, shi ne ke cutar da injin.

Shin ko kun san inda haɗarin ya fi yawa a hanyoyinmu? Wanda ya dawo gida daga Kaduna zuwa Kano, kafin ya ratsa cunkoson Na'ibawa ya shiga lungun unguwarsu a giya biyu, turbonsa ya riga ya huce, ya kashe abinsa ba fargaba. Wanda nake ji wa tsoro shi ne mai zuba 120 da ya hango gidan mai a bakin titi, ya taka birki ya faɗa ciki, ya kashe a gaban famfo cikin daƙiƙa goma. Haka mai tsayawa sallah a masallacin bakin hanya, da wanda aka tsayar a shingen bincike aka ce ya kashe ya fito, da wanda ya kai ƙarshen Hawan Kibo a hanyar Jos ya tsaya shan iska, da mai hawa tsaunin Mambila da mota cike da kaya. A gidan mai dole ne a kashe injin kafin a sa bututu, wannan babu sassauci. Sai dai a yi jiran mintin a gefe tukuna, sannan a matso gaban famfo.

Kuma shin kun san cewa tafiya a hankali ta fi tsayuwa a silo saurin hucar da turbo? Idan ka sassauta ƙafa a kilomita biyu ko uku na ƙarshe, hayaƙin da ke bi ta cikinsa ya rage zafi, famfon mai da na ruwa suna aiki da ƙarfinsu, iska kuma tana kaɗa injin ta gaba. Wanda ya saba da haka, sau da yawa kafin ya gama gyara fakin, ya ɗaga gilasai, ya tattara wayarsa da hularsa, lokacin ya cika.

Shin ko kun san cewa turbo ya girmi kusan duk motar da kuka sani? Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905. Sai da aka shafe kimanin shekara 20 kafin a samu ƙarafan da za su jure ta a aikin yau da kullum, kuma a teku aka fara: jiragen ruwan Jamus guda biyu, Preussen da Hansestadt Danzig, waɗanda turbo ya ɗaga ƙarfin injinsu daga doki 1,750 zuwa 2,500. A Amurka kuma, a 1918, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak, mai tsayin kimanin mita 4,300, ya nuna cewa turbo na dawo wa injin da ƙarfin da ƙarancin iska ya ƙwace masa. Wannan darasi yana aiki har gobe: injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ya haura kashi 10 ke nan. Mai turbo yana cike giɓin, amma da ƙarin juyi da ƙarin zafi yake biya.

Ƙananan motoci ba su samu ba sai 1962, da Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair Monza Spyder a Amurka. Ita Jetfire har da wani tanki na musamman da ake zuba wa ruwa haɗe da sinadarin metanol don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Masu ita suka riƙa mantawa su cika, ƙorafi ya yi yawa, aka daina yin ta bayan shekara biyu, ba a ƙera ko 10,000 ba. Daga baya BMW 2002 Turbo ta fito a 1973, Porsche 911 Turbo a 1975, sannan Saab 99 Turbo da Marsandi 300SD mai dizal a 1978. A tseren Formula 1, motar Renault ta 1977 ta sha dariya saboda yawan fashewa da tuttuɗo farin hayaƙi, amma a 1979 ta ci tseren Faransa, kowa ya bi sahu.

Daga wancan zamani ne nasihar jiran ta samo asali, kuma a lokacin ba wasa ba ce. Turbon shekarun 1970 da farkon 1980 baƙin mai kaɗai ke sanyaya shi, man zamanin kuma bai da juriyar na yau. Mu a nan ba mu gaji ɗabi'ar ba, don a kan Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, da Bitil, da Datsun, da Corolla, iyayenmu suka koyi tuƙi suka koya mana. Babu mai turbo a cikinsu. Ka iso, ka kashe, ka fita, babu abin da zai same ta.

Shin ko kun san cewa motocin sun canza a hannunmu ba mu ankara ba? 'Yan Kwatano da 'yan Beljiyam da ke shigowa yanzu da yawansu masu turbo ne. Honda Civic daga 2016 tana da mai turbo, CR-V daga 2017, Marsandi C300 daga ƙirar 2015, Lexus NX 200t, sai Lexus RX 350 da Toyota Highlander na 2023 da suka ajiye V6 suka koma silinda huɗu da turbo. Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta bar V8 ta ɗauki V6 mai turbo biyu. Tireloli da tankokin da ke kwana a Tafa da Mararrabar Jos, DAF ne ko MAN ko Howo, su dama can da turbo suke tafiya. Idan kuka ga TSI ko TFSI ko TDI ko HDi ko EcoBoost a bayan mota, yawanci akwai shi a ciki. Amma Marsandi mai rubutun Kompressor ba turbo ba ce: bel ne ke juya mata abin danna iskar, hayaƙi ba ya bi ta cikinsa, don haka wannan magana ba ta shafe ta ba. Haka Hilux mai fetur lita 2.7 da ta cika ma'aikatun gwamnati, ita ma babu.

Shin ko kun san cewa sababbin motoci suna ƙoƙarin yi muku jiran da kansu? Tun shekarun 1980 aka fara ratsa ruwan lagireto ta tsakiyar turbo. Ko injin ya mutu, ruwan da ya yi zafi yana tashi sama, mai sanyi ya shigo ta ƙasa, ya ci gaba da zagayawa a hankali ba tare da famfo ba. Wasu kamfanonin suka ƙara da ɗan famfon lantarki. Porsche 944 Turbo na da shi tun tsakiyar shekarun 1980, yau kuma ya zama ruwan dare a motocin Volkswagen da Audi da BMW. Idan kun kulle mota kuka ji wani siririn ƙugi ko fanka na ci gaba da juyawa na 'yan mintuna, lafiya ce, aikinta take yi. Motoci masu mutuwa da kansu a danja su tashi idan an saki birki ma da irin wannan tanadi aka ƙera su.

Sai dai a nan ne nake da ja da masu cewa zancen jira ya zama tarihi. Gaskiya ne ga sabuwar mota da ke hannun wanda ke bin ƙa'ida. Amma motar da ta yi shekara goma a Turai, ta ƙetare teku, ta yi wasu biyar a Kano ko Maraɗi, wa ya tabbatar ɗan famfon nan yana raye? Yakan mutu shiru, mota ta ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Ga kuma abubuwan da mu da kanmu muke yi. Wani yana cire kan batir da zarar ya yi fakin, ko ya sa ɓoyayyen makunni mai yanke wuta gaba ɗaya saboda ɓarayi, ya kashe famfon a daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wani an haɗa masa fanka kai tsaye da makulli, tana mutuwa tare da injin. Wani kuma ruwan rijiya ko na leda yake ɗura wa lagireto, wanda a digiri 100 yake tafasa a buɗaɗɗen wuri, yana kuma barin tsatsa da farin dutse a cikin ƙananan hanyoyin ruwa. Ruwan lagireto na asali, mai launi, idan murfin yana riƙe da kyau, yana haura digiri 120 bai tafasa ba. Sannan turbon dizal da yawa har yau mai kaɗai ke sanyaya su. A ƙara da zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, inda inuwa kanta ke wuce digiri 40.

Shin ko kun san cewa taka totur kafin a kashe mota ya fi kashewa da gaggawa muni? Tsohuwar al'ada ce ta zamanin kafireto: a ba ta wuta vuum, a murɗa makulli tana cikin ruri, wai don ta tashi da wuri da safe. A mota mai turbo, ka tayar da sandar zuwa dubban juyi ke nan, sannan ka yanke mata mai tana tsakiyar gudu. Za ta ci gaba da juyawa na wasu daƙiƙu a kan ɗan abin da ya rage. Da safe ma haka: mai yana ɗaukar 'yan daƙiƙu kafin ya hau ya isa turbo, musamman a sanyin hunturu da yake yin kauri. A tayar, a ba ta rabin minti, a tafi a hankali har allurar zafi ta motsa. Ba sai an tsaya ana ɗumama ta kwata ɗin awa ba.

Akwai ma na'urar da aka ƙera don wannan jira kaɗai. Ta yi tashe a Japan a shekarun 1980 da 1990, kamfanoni irin su HKS da GReddy suka riƙa sayar da ita: ka zare makulli ka fita, injin ya ci gaba da aiki na lokacin da ka saita, ya mutu da kansa. Amma a Ingila doka ta hana barin mota a kunne babu kowa a ciki a kan titin jama'a, Jamus kuma tana cin tarar mai barin injin yana aiki ba dalili. Ni ban ga amfanin a yanka wayoyin mota a kawo wa na'urar hana sata cikas ba, saboda abin da mutum zai iya yi yana zaune a kujerarsa.

Shin ko kun san cewa wuce gona da iri ma ɓarna ne? Barin mota a silo rabin awa ba ya ƙara wa turbo komai. A injin dizal ma yana tara baƙin toka, ya toshe matatar hayaƙi a motocin da ke da ita, kuma mai kan fara tsattsafowa ta bakin turbon idan aka daɗe babu matsin iska. Abin da ya fi wannan girma shi ne rai. Kada a taɓa yin jiran nan a cikin rufaffen gareji. Hayaƙin mota na ɗauke da iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe iyali guda cikin dare idan aka kwana da janareto a cikin gida. A buɗe ƙofa, ko a yi jiran a waje sannan a shigar da ita.

Biyu kuma a gurguje. Kada a yi fakin a kan busasshiyar ciyawa ko karan gona bayan doguwar tafiya, ƙarƙashin motar na iya tayar da gobara. Kada kuma a bar yaran wankin mota su watsa wa injin ruwa yana da zafi, don ƙarfen da ya gasu idan ruwan sanyi ya dake shi yakan tsage.

Shin ko kun san cewa jiran duniya ba zai ceci turbon da ake ba gurɓataccen mai ba? Idan za a jera abubuwan da ke kashe shi, ni baƙin mai zan sa a gaba. Man da ake aunawa a kwalba daga durom a bakin titi, ba a san asalinsa ba, wani ma tsohon juye ne aka tace, shi ya fi saurin ƙonewa. Man roba, wato wanda aka haɗa a masana'anta, ya fi jure wuta nesa ba kusa ba, kuma shi yawancin masu turbo ke buƙata. Ku duba bayan galan. Cibiyar man fetur ta Amurka ta fitar da matakin API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020, musamman saboda ƙananan injunan fetur masu turbo, waɗanda ke fama da wata irin tashin wuta kafin lokaci idan aka danne totur a babbar giya mota na tafiya a hankali. Kaurin man kuma wanda littafin motar ya faɗa za a bi. Injin da aka ƙera don 0W-20 ko 5W-30, ɗura masa 20W-50 da sunan ƙasarmu akwai zafi yana jinkirta isar mai inda ake jiransa. A canza filtar mai tare da kowane juye.

Filtar iska ma kada a raina ta. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara, idan ta samu kafa ta tsagaggen tiyo ko filtar da aka bubbuge aka mayar har ta yage, kai tsaye kan fankar alminiyon mai juyi dubu ɗari biyu take sauka, ta cinye bakin fukafukanta.

Shin ko kun san cewa turbo yana yin gargaɗi kafin ya mutu? Shuɗin hayaƙi daga salansa, musamman bayan an daɗe a silo sannan aka taka. Mota ta fara shan baƙin mai alhali babu ɗigo a ƙasa. Ta yi nauyi, ba ta ja a hawa. Siririn fiton da aka saba ji ya koma kuka irin na jiniya. Duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya kai a duba tun kafin fankar ta farfashe injin ya haɗiye gutsattsarinta, don a lokacin ba turbo kaɗai za a saya ba.

A injin dizal kuma akwai wanda ya fi wannan ban tsoro, ya kamata kowane direban babbar mota da yaronsa su san shi. Idan turbo ya saki mai da yawa cikin hanyar iska, injin yakan koma cin baƙin mansa a madadin gas. Sai ya ɗauki ruri da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, a zare makulli ya ƙi mutuwa, har sai man ya ƙare ko injin ya tarwatse. Mai giyar hannu ya sa babbar giya, ya danne birki da kyau, ya saki kuloci don ya shaƙe shi. In ba haka ba sai a toshe bakin shigar iska da abu mai tauri kamar katako, ba da tafin hannu ko tsumma ba. Idan abin ya gagara, a janye jama'a nesa.

Shin ko kun san nawa jiran yake ci? Na san tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa lissafin ɗigo yake yi, kuma da gaskiyarsa. Ƙaramar mota a silo, ba a kunna na'urar sanyi ba, ba ta cika shan lita ɗaya a awa guda ba. Minti ɗaya ke nan bai wuce cikin babban cokali ɗaya ba. Ku tambayi kuɗin turbo, ko da na hannu ne, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ku haɗa da kuɗin aiki da kwanakin da motar za ta yi a gareji.

Don haka, malam direba, da Alhaji mai mota, da Hajiya mai kai yara makaranta: a cikin gari ku kashe abinku. Idan kuwa daga babbar hanya kuka sauko, ko kun hau tudu, ko kun ja kaya, ku sassauta ƙafa tun kafin ku iso, ku ba ta minti ɗaya zuwa biyu a silo, kada ku taɓa totur. Masu ɗaukar direba kuma, don Allah ku gaya masa wannan tun ranar da kuka miƙa masa makulli.